Haƙƙin Littafi a Kan Mai Karanta Shi

Duk wanda ya san Kano, ya kuma san irin mu'amalar da mutanenta suke yi da takarda tun zamanin da ake kwafar littafi da alƙalamin kara har zuwa yau da ake karanta shi a fuskar wayar hannu, zai yi shaida cewa Bakano bai taɓa ɗaukar karatu aikin kaɗaici ba, domin da wuya ya kai ƙarshen littafi ya rufe shi bai nemi wanda zai faɗa wa abin da ya tarar a ciki ba, ko dai don ya yaba, ko don ya kushe, ko kuwa don ya gwada fahimtarsa da ta ɗan'uwansa ya ga inda suka dace da inda suka saɓa. Galibin mutane suna ɗaukar wannan hira ce kawai ta rage dare. Ni kuwa a ganina al'amarin ya wuce haka nesa, har ina iya cewa wannan hira ta masu karatu ita ce a yau take riƙe da linzamin adabin Hausa, fiye da malaman jami'a, fiye da hukumomi, kai har fiye da mawallafan kansu. Abin da ya kai wannan matsayi kuwa ya cancanci a zauna a yi masa nazari, a san asalinsa, a kuma san sharuɗɗansa.

Mu ɗauki unguwa irin Kaura Goje, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Nassarawa, 'yar'uwar su Gama da Gwagwarwa da Tudun Wada. Unguwa ce mai yawan jama'a, ta masu sammakon fita neman halaliyarsu, kuma baƙon da ya ratsa lungunanta da rana la'alla ya yi zaton babu abin da ya haɗa mutanenta da rubutu in ban da allon almajiri da jakar ɗan makaranta. Amma da zai sami izinin shiga tsakar gidajen bayan an sauke tukunyar rana, ko ya zauna a gefen taron suna inda mata suka baje tabarmi, ko ya tsaya wurin mai shayi bayan sallar isha'i, da ya ji ana jayayya mai zafi a kan mutanen da ba a taɓa haihuwarsu ba: wannan tana cewa haƙurin wance ya zama wauta, waccan tana cewa ai haƙurin nan ne ya fisshe ta, wata dattijuwa kuma tana tsawata musu cewa rashin sanin zaman aure ne ya sa suke ganin laifin uwar miji. Haka abin yake a Fagge da Gwammaja da Kurna, haka yake a Katsina da Zariya da Maraɗi. Na ambaci Kaura Goje ne domin a irin waɗannan unguwanni littafin Hausa yake rayuwa, a cikinsu kuma yake mutuwa.

Asalin wannan ɗabi'a yana zauren malam. Ilmin da kakanninmu suka gada ya zo musu ne hawa-hawa, matani a tsakiya, sharhi a kewaye da shi, hashiya kuma a bisa sharhin, ta yadda ɗalibin da ya buɗe Muhtasar na Shaihu Halil ba Halil kaɗai yake saurara ba, yana jin Dardiri yana warware dunƙulalliyar maganarsa, yana kuma jin Dasuƙi yana bin bayan Dardiri, yana ƙarfafa shi a nan, yana yi masa gyara a can. Haka nan mai karatun Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani yakan jingina da sharhin Samaruddani. A gefen tsofaffin takardun malamanmu har yau ana ganin ƙananan rubuce-rubuce, wasu da Larabci, wasu da ajamin Hausa, inda wani mai karatu da ya daɗe da komawa ga Ubangijinsa ya bar wa na bayansa fassarar kalma mai wuya, ko ishara zuwa ga saɓanin malamai a kan wata mas'ala. Sa'an nan idan an tashi daga darasi, ɗalibai sukan koma gefe su yi muraja'a, kowa ya kawo abin da ya fahimta, wanda ya karkace a miƙe shi. Watau faɗin ra'ayi a kan littafi aiki ne a wurinsu mai ladubba sanannu: ba ka magana a kan babin da ba ka karanta ba, ba ka jingina wa mawallafi abin da bai faɗa ba, in ka ce ya yi kuskure sai ka nuna wurin ka kawo hujja, in kuma aka kawo hujjar da ta rinjayi taka sai ka sallama ba tare da ɗaure fuska ba.

Misalin da ya fi ƙayatar da ni a wannan babi shi ne na Muhammadu Bello a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi. Lokacin da Shaihu Muhammadul Amin Alkanemi na Borno ya aiko da wasiƙu yana tuhumar masu jihadi, yana neman hujjarsu ta yaƙar mutanen da suke salla suna azumi, Bello bai yayyanka maganar abokin jayayyarsa yadda za ta yi masa sauƙin rushewa ba, sai ya ɗauko ta da zafinta ya sa a littafinsa, sa'an nan ya bi ta da amsa, shi ya sa mu da muka zo bayan shekara fiye da 200 muke iya jin ɓangarorin biyu mu auna da hankalinmu. Wannan shi ne insafi. A ɓangaren mata kuma, ƙanwarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda jajoji suke zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙe, su koma garuruwansu su tara mata su karantar da su. Saboda haka taruwar mata a kan rubutu ba baƙon abu ba ne da zamani ya shigo da shi ƙasar Hausa.

Da boko ya zo, sai aka sami wani sabon irin littafi, watau ƙagaggen labari. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai don gasa, daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Abin lura shi ne, waɗannan littattafai da waɗanda suka biyo bayansu ta hannun Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA da kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966, duk sai da suka bi ta gaban edita, mutumin da aikinsa ke nan ya karanta rubutu kafin jama'a su gani, ya ce wa marubuci nan ka tsawaita, nan ka saɓa wa abin da ka faɗa a baya, wannan kalma kuma ba nan ne muhallinta ba. Masu karatu suna da bakin magana, musamman tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 tana buga wasiƙunsu, amma maganarsu a kan littafi takan zo ne bayan tawada ta bushe. A kan wannan tsari aka tafi har 1980, shekarar da NNPC ta fitar da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid.

Sai tattalin arzikin ƙasa ya karye. Aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya suka tsaya kan littattafan makaranta masu tabbacin kasuwa. Alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne yaran da shirin ilmin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya kwasa zuwa aji suka fara tasawa, ga kuma manya da suka koyi karatu da rubutu a azuzuwan yaƙi da jahilci, dukansu sun iya karanta Hausar boko, dukansu suna ƙishirwar labarin da zai yi magana a kan auren dole da kishi da talauci da soyayya kamar yadda suke ganinsu a gidajensu. Da marubuta suka ga ƙofa ta rufe sai suka sara tasu: mutum ya rubuta, ya tara kuɗinsa, ya kai maɗaba'a, ya ɗauko ya kai wa 'yan littattafai a Kasuwar Sabon Gari. Ta haka Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suka raɗa wa Anti Bilki, ta zo da Allura Cikin Ruwa, aka kuma kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya.

A wannan sabon tsari babu edita, kuma a nan ne maganata take. Kujerar da editan ya bari ba ta zauna wofi ba, mai karatu ne ya haye ta, ko ya sani ko bai sani ba. Dalili kuwa, ƙarancin jari ya tilasta wa marubuci ya riƙa fitar da labarinsa kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, sai cinikin na ɗaya ya dawo kafin a buga na biyu, kuma a tsakanin nan ra'ayin jama'a ya riga ya iso masa ta hanyoyi da dama: ta wasiƙun da ake aiko masa a adireshin da ya sa a bangon littafi, waɗanda wasu marubutan har sukan buga su a kashi na gaba, ta bakin ɗan kasuwa, wanda ya san littafin da ake tambaya da wanda ƙura ta rufe, da kuma ta shagunan haya, inda ake ba da littafi aro na kwana ɗaya ko biyu a kan 'yan kuɗi kaɗan. Matar da take cikin kulle takan aiki yaro shagon haya, ta karance cikin dare, ta miƙa wa maƙwabciyarta ta kan katanga kafin wa'adi ya cika, kashegari su yanke wa littafin hukunci, hukuncin nan kuma ya bi bakin yaron ya koma shago, daga shago ya isa kasuwa, daga kasuwa ya isa kunnen marubuci. Littafi guda yakan ratsa hannuwa da yawa har bangonsa ya yage, saboda haka adadin da aka sayar bai taɓa nuna adadin waɗanda suka karanta ba, balle na waɗanda aka karanta wa suna saurare.

Kada kuma a zaci hukuncin nan na tsakar gida ba shi da zurfi. A duba Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat, wanda ya fito a 1990, aka kuma buga fassararsa ta Ingilishi a Indiya a 2012. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, wadda ya wulaƙanta ya kora da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci har Allah ya rufa mata asiri, shi kuma duniya ta juya masa baya, a ƙarshe aka taru aka matsa mata ta koma ɗakinta. To, komen nan na Rabi adalci ne ko zalunci ne na biyu? Marubuciyar tana koyar da afuwa ne, ko kuwa tana nuna mana yadda al'umma take ɗora wa mace nauyin gyara ɓarnar da ba ita ta yi ba? Duk matar da ta karanta littafin tana da amsa, kuma amsarta takan taho da hujja daga abin da ta gani a gidan ubanta ko na 'yar'uwarta. Wannan nazari ne na haƙiƙa, ko da mai yin sa ba ta taɓa jin sunan jigo da salo da zubi da tsari ba.

Masana su ma sun yi tasu muhawarar, wadda ta ɗauki shekaru a shafukan jaridu da mujallu. Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, yana ganin yayi ne mai wucewa wanda bai kai matsayin adabi mai ɗorewa ba. Ibrahim Sheme ya buɗe wa muhawarar fili a shafin adabi na jaridar New Nigerian. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka tsaya a kan cewa adabin zamani ne da ya kamata a karanta shi a fahimce shi kafin a yanke masa hukunci. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, domin masu suka ba su yi ƙarya ba da suka ce akwai gaggawa da raunin harshe da kwaikwayon finafinan Indiya a cikin da yawa daga littattafan, masu kariya kuma ba su yi ƙarya ba da suka ce waɗannan littattafai ne suka riƙe Hausawa ga karatu a lokacin da ba wanda yake buga musu komai. Abin da ya rage mini a zuciya game da muhawarar shi ne, kaso mai yawa nata da Ingilishi aka yi shi, a tsakanin maza masu digiri, a kan littattafan da galibin masu karanta su mata ne da ba a tambaye su ba.

Hukuma ita ma ta shigo. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona tarin littattafan hikaya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa hujjar cewa suna ɓata tarbiyyar 'yan mata 'yan makaranta. A 2008 kuma takaddama ta tashi tsakanin hukumar da marubuta a kan yin rajista da kai rubutu a duba kafin a buga. Ba na raina damuwar iyaye, domin duk uban da ya taɓa tsintar abin kunya a jakar 'yarsa ya san zafin da ake ji. Amma wuta ba ta rarrabe littafi mai kyau da maras kyau, ba ta kuma koya wa yarinya yadda za ta rarrabe da kanta, wanda shi ne kaɗai tsarin da zai bi ta har inda idon uba da na hukuma ba su kai ba.

Ga shi kuwa zamani ya kai mu daidai wurin. Yau shagunan haya sun ja baya, littafin takarda ya yi ƙaranci, labari ya koma cikin waya, inda marubuciya take sakin shafi ɗaya ko biyu kowace rana a zaurukan WhatsApp, wani kyauta, wani kuma littafin kuɗi ne sai an biya a shiga, wasu ma ana karanta su da murya don wadda hannunta yake cikin aiki. Abin da a da yake ɗaukar watanni kafin ya iso kunnen marubuci yanzu kafin ta ajiye wayar ya iso, kuma shafin da za ta rubuta da dare yana ɗauke da tasirin abin da aka faɗa mata da safe. "Anti, don girman Allah kada ki raba su." "Yaya, wallahi in kika kashe shi na daina karantawa." Marubuta da kansu suna roƙon a yi musu sharhi, wasu har sukan yi fushi su dakatar da labari in suka ji shiru. Mai karatu a yau kamar wanda aka miƙa wa ludayi ne ya ɗanɗana miya tana bisa wuta: in ya ce gishiri ya ji alhali bai ji ba, da shi da mutan gidan duka za su ci lami.

To, wane irin ɗanɗano ake yi? Babbar illar da nake gani ita ce mudahana, watau yabon da ba ya tare da nazari. Shafi ya fito, mutum ɗari su ce "Allah ya ƙara basira", "sannu da ƙoƙari", "muna jiran ci gaba", addu'o'i masu kyau waɗanda ba wanda zai ƙi su, amma babu ko ɗaya da zai ce mata, 'yar'uwa, mutumin da kika ce ya yi saki uku a shafin baya, yaya aka yi ya mayar da matarsa ba tare da ta yi wani aure ba? Ko ya ce, wannan mai ciki da kika ce ta gama idda da wata uku, ai iddarta haihuwarta ce. Ko ya ce, yarinyar da kika nuna mana ta tashi a ƙauye ba ta taɓa shiga aji ba, daga ina ta samo Ingilishin da take zubawa? Irin waɗannan kurakurai na fiƙihu da na likitanci da na shari'a suna shiga kan matasa su zauna a matsayin ilmi, domin abin da labari ya koyar ya fi abin da wa'azi ya koyar daɗewa a zuciya. Haka nan harshe: an daina kula da ƙa'idojin rubutu, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana zubar da ƙugiyar ɗa da ƙa da ɓa har ma'ana ta rikice, ana cusa Ingilishi a inda Hausa take da kalma uku masu kyau, kuma duk wannan yana wucewa ne saboda masu karatu suna jin nauyin faɗa. Marubucin da bai taɓa jin gyara ba, littafinsa na goma ba zai fi na farko ba.

Illa ta biyu kishiyar ta farko ce, ita ce ta'assubanci da cin mutunci. Masu karatu sukan rabu gida biyu, waɗannan suna bayan uwargida, waɗancan suna bayan amarya, wanda ba laifi ba ne, alama ce ma ta cewa labarin ya kama zukata. Laifin yana farawa ne daga lokacin da aka bar mutanen cikin littafi aka koma kan wadda ta ƙirƙire su, aka ce ai halinta ne take rubutawa, aka shiga tonon aurenta da asalinta. Wannan giba ce, kuma jahiltar aikin ƙaga labari ne, domin da duk wanda ya siffanta ɓarawo ɓarawo ne, da ba mu yafe wa Abubakar Imam ba saboda Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja. Tambayar da ta dace ita ce, yaya marubuci ya nuna mugun hali, ya ƙawata shi ne har ya zama abin sha'awa, ko kuwa ya bayyana shi ne da sakamakonsa? A kan wannan ma'auni ya kamata a auna mas'alar batsa, wadda ta zama ruwan dare a wasu littattafan waya, kuma dole a faɗi gaskiya mai ɗaci a nan: mai rubuta ta yana rubutawa ne domin ya ga ita ce take tara masa jama'a da kuɗi, saboda haka wanda yake zagin ta a fili yana biyan kuɗinta a ɓoye yana da kaso a cikin alhakin. Haka wanda ya sayi littafin kuɗi ya watsa shi kyauta ba da izinin mai shi ba, ya ci haƙƙin wadda ta hana idonta barci, ko da ya kira abin taimakon 'yan'uwa.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko kasafin kuɗi. Misalansa suna nan kusa. A cikin Nassarawa ɗin nan, a kan titin Ahmadu Bello, akwai Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad, wanda yake ɗauke da sunan yayan Balaraba Ramat, kuma a nan marubutan Kano suka saba haɗuwa ƙarƙashin reshen jiha na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, mutum ya karanta abin da ya rubuta a gaban 'yan'uwansa, su yi masa gyara ido da ido, ya koma gida da abin da zai yi aiki a kai. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata marubuta ta nuna irin ƙoƙarin da mace take yi idan ta san alƙalai za su bi labarinta layi-layi. A Masar ma, majalisar da Mayyu Ziyada ta riƙa yi a gidanta a Alƙahira kowace Talata, wadda irin su Ɗaha Husaini da Abbas Mahmud Al'aƙƙad suka riƙa halarta, mace ɗaya ce da ɗaki ɗaya da ladabin saurare, amma ta bar suna a tarihin adabin Larabci na zamani.

Abin da nake fata ga matan Kaura Goje da samarinta bai wuce wannan ba. Mutum goma ko ƙasa da haka, na islamiyya ɗaya ko na layi ɗaya, su yi ittifaƙi a kan littafi guda kowane wata, ko a tsakar gida za su haɗu ko a cikin waya, su sa sharaɗin cewa wanda bai kai ƙarshe ba ya saurara kawai. A sami mai hankali ɗaya ya riƙa raba magana don kada masu baki su danne masu kunya. Duk wanda ya ce abu ya yi kyau ko bai yi ba a tambaye shi a wane wuri, kuma me ya sa. Abin da aka tattara na gyara a aika wa marubucin cikin lafazi mai taushi, in zai yiwu a keɓe, domin nasihar da aka yi a gaban taro takan koma tozarci. Kuma kada su tsaya kan sababbi kaɗai, domin wanda bai ɗanɗani Hausar Magana Jari Ce ba, bai ga yadda Sulaiman Ibrahim Katsina ya gina Turmin Danya ba, ba shi da ma'aunin da zai auna na yau.

Da za a nemi shawarata a kan littafin farawa, da Shaihu Umar zan ce, saboda gajere ne, Hausarsa kuma mai sauƙi ce, amma mas'alar da take cikinsa ba ƙarama ba ce. Yaro ne aka sace, ya faɗa hannun Balarabe ya girma ya zama babban malami, uwarsa kuma ta bar gida ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka bautar da ita, ta ƙetare Sahara, ba ta sadu da shi ba sai da ƙarfinta ya ƙare. Shin Tafawa Ɓalewa la'antar cinikin bayi yake yi, ko kuwa ya nuna shi ne a matsayin ƙaddarar da mumini yake haƙuri da ita? Me ya sa hanyar da ta kai ɗan ga ɗaukaka ita ce ta hallaka uwar? Ni ina tare da masu ganin cewa wahalar uwar nan ita ce tuhumar da marubucin ya shigar, ko da bai ɗaga murya ba, amma mas'ala ce mai karɓar saɓani, kuma duk wanda zai ja da ni sai ya koma ya sake bin tafiyar matar tun daga ranar da ta fita neman ɗanta, ya zo da shafin da ya dogara da shi.